Albasar Baturiya a Firjina

Inna ta sauka Riyad da jaka ɗaya, ita ma rabinta iska ce. Ni na buɗe ta da hannuna a ɗakin da muka gyara mata: zani uku, hijabi biyu, carbi, sai kwalbar man zafi. Na ce, "Inna, ina sauran kayanki?"

Ta ce, "Na rabar."

"Duka? Har leshin da na aika miki da sallah?"

"Me zan yi da shi?"

Na rufe jakar. Na san abin da ake nufi idan tsohuwa ta rabar da kayanta tana da rai.

Baba ya rasu ne a farkon damina ta shekarar. Inna ta yi takabarta, ta fita, amma kamar ba ta fita ba. Ƙannena suka yi ta kirana daga gida suna cewa ba ta cin abinci, ba ta leƙa ko tsakar gida, fadamar Baba ma da suka tambaye ta yadda za a yi da ita cewa ta yi a bar ta ta huta. A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti da ke wajen Shumaisi, maigidana kuma injiniya ne, yana wani aikin gini a Dir'iyya. Muka nema mata bizar ziyara, muka ce sauyin wuri zai taimaka.

Satin farko muka kai ta Umra. Abu ɗaya tak ta roƙe ni a Makka, shi ne in saya mata farin yadi. Ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a tagar masaukinmu, ta ninke shi tsaf. Da muka dawo Riyad ta sa shi ƙarƙashin matashinta, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ni dai na zo ke nan." Likkafani a ƙarƙashin kan uwata, a cikin gidana. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ban taɓa ji a bakin gadon wani majinyaci ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi da saurin baki, tun ina ƙarama Baba yake ce min barkono. Kuma tsoro a wurina faɗa yake komawa. Na auna jininta, na kai ta aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce lafiyarta ƙalau in ban da gwiwa. Na tuƙa tuwo, na kaɗa kukar da na samo wajen matanmu na Makka, ta yi loma biyu ta ture kwanon. Ranar nan na kasa haƙuri, na ce, "Inna, kin san wahalar da na sha kafin in samo kukar nan? In ba za ki ci don kanki ba, ki ci don ni mana." Ta dube ni kawai ta juya fuskarta bango. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke wannan" take ce min tun tasowata. A watan nan ko "ke wannan" ɗin na daina samu.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta dawo daga hutu. Baturiya ce 'yar ƙasar Ailan, dattijuwa, ta girme ni nesa ba kusa ba, mun daɗe muna aiki a ɗaki ɗaya. Ta miƙo min wata ambulan ta ce tsarabata ce. Na buɗe na ga wasu 'yan ƙwayoyi guda goma, kamar ƙananan albasa, kowace ba ta fi kan yatsa ba. Ta ce fure ne, a yarensu sunansa ɗigon ƙanƙara. Wai a garinsu shi ne yake fara fitowa tun ƙanƙara tana kwance a ƙasa, fari tas. Suna shuka shi a gindin bishiyoyi da bakin hanyar shiga gida, su tsinko kaɗan su sa a ƙananan kofuna a kan taga, kuma da sun gan shi sun san sanyi ya kusa tafiya. Ta ce a Riyad sai an yi masa dabara: in binne su a kasko, in sa kaskon a firji wata uku cur, cikin duhu da sanyi, kada in fito da shi ko sau ɗaya. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce kada kowa ya kuskura ya ci, guba ne.

Kunya ce ta sa na karɓa. Mu ina muka san ado da fure? Furen gidana na roba ne, yana kan talabijin, in ya yi ƙura in wanke shi da omo. Amma da na koma gida na dubi gidan, labule a sauke, ɗakin Inna shiru, sai na ji ina son a ce akwai wani abu da ake jira a gidan nan ban da abin da Inna take jira. Na sa maigidan ya biya wajen masu sayar da shuke-shuke ya sayo min kasko da ƙasa.

Ina durƙushe a kicin ina binne su, sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta fito alwala, ta tsaya tana kallona. A nan sai in faɗi wani abu game da ita. Baba manomin albasa ne, noman rani, kuma shekara da shekaru Inna ce take renon irin a bayan ɗakinta kafin a kai fadama a dasa. Ba a yi wa Inna bayanin albasa.

Ta ce, "Wannan wace irin albasa ce haka, kamar ta yi jinya?"

Na ce, "Ba albasa ba ce, Inna, fure ne. Ba a ci."

"Ba a ci? To don me ake shukawa?"

"Don kallo."

Ta ce, "Allah ya kyauta." Ta juya za ta wuce, sai ta ga na ɗauki kaskon na buɗe firji. Ta tsaya cak. "Ke wannan, me za ki yi?"

Na yi mata bayanin Baturiya tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, ta ce, "Albasa tana son sanyi, gaskiya ne. Amma sanyin Allah, mai rana a cikinsa. Wa ya taɓa kulle shuka a akwati cikin duhu? Wannan ai zalunci ne."

Na ce haka masu abin suka ce a yi. Ta ce, "To, ai ku ne 'yan boko," ta koma ɗaki. Na tura kaskon can ƙasa kusa da tumatir na rufe. Sai da na zauna na lura cewa rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinta tun kafin Baba ya rasu.

Bayan kamar sati biyu na fara ganin abin da ban gane ba. Na liƙa wa kaskon takarda na rubuta "guba, kada a taɓa" da Hausa da Larabci, kuma takardar tana fuskantar ƙofa. Wata rana na tarar ta juya baya. Wata rana na ga ɓurɓushin ƙasa a kan robar tumatir. Da ma ina neman wanda zan sauke wa, sai na tare maigidan yana shigowa daga aiki, ko takalmi bai cire ba.

Na ce, "Don Allah me kaskon nan ya tare maka? In wurin lemonka kake nema ka faɗa min mana."

Ya ce, "Ni da firjin nan sai ruwan sanyi. Ban ma san inda kika sa shi ba."

"To aljanu ne suke juya shi?"

Ya ce, "Mai yiwuwa, ai su ma suna son fure," ya wuce abinsa. Mutum ne da ko ka zuba masa wuta sai ya tambaye ka ko ka gaji. Wannan sanyin nasa ya fi komai ƙona min rai.

Inna ba ta zo min a rai ba sam. Matar da sai na yi da gaske take tashi daga gado?

Sai kuma wari ya fara. Ba mai yawa ba, amma duk wanda ya taso a gidan da ake kiwo ya san shi. Na jawo kaskon na duba, na ga wasu farare-farare an marmasa su a kan ƙasar. Na sunsuna. Kashin tattabara ne. Kashin tattabara a cikin firjina, kusa da madara, ni da nake wuni ina yi wa mutane wa'azin wanke hannu. Na tsaya riƙe da ƙofar firji har ya fara ƙara, ina tunanin ta inda tattabara ta shigo gidan da ko taga ba a buɗewa.

Washegari aka sallame mu da wuri saboda wani taro da aka soke. A shekarun can mata ba su fara tuƙi a Saudiyya ba, ga tituna duk an haƙe ana aikin jirgin ƙasa, amma direban da yake kai mu ya bi ta lungu, kafin azahar ina gida. Na tarar da ƙofa a saye ba a kulle ba. Na shiga ɗakin Inna, babu ita. Banɗaki, babu ita. Ga gado a gyare, ga gefen farin yadin nan ya leƙo daga ƙarƙashin matashi. Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta san ko sunan unguwar ba, ina za ta? Na fito da gudu zan sauka titi, sai na ga ƙofar matakalar da ke hawa saman bene a buɗe, an tokare ta da bulo.

Gidan hawa uku ne, muna na biyu, babu lif. Na hau ina haki, abayata tana harɗe ni. Kafin in kai ƙarshe na ji murya, sai na rage sauri na leƙa ta bayan ƙofa.

Inna ce zaune a kan kwali a jikin tankin ruwa, ta miƙe ƙafafu, rana tana dukan ta. Kaskona yana gabanta. Tana riƙe da cokalin shayina tana sassauta ƙasar a hankali, tana magana da 'yan ƙwayoyin kamar yadda na sha jin ta tana yi da irin albasa a bayan ɗaki.

"Ku yi haƙuri, ku sha rana. Yarinyar ba muguwa ba ce, rashin sani ne, karatun asibiti ta yi. Da Malam yana nan da ya yi mata dariya. Shi da ko tsakar rana sai ya je ya duba ku."

Ta share ido da gefen hijabi. Sannan ta kai hannu gefenta, na ga ashe faranti ne, da burodi da dabino, da kofin shayi. Ta gutsuri burodin ta tsoma ta ci. Ta sake gutsura. Ina tsaye ina ƙirga lomar kamar yadda nake ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, har ta cinye shi tas.

Maganar da na hau da ita tana bakina, da kashin tattabarar da wata ukun Baturiya da komai. Na haɗiye ta, kuma ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Matar da take cewa gwiwa ba ta barin ta zuwa falo, ita ce take hawa matakala ashirin da wani abu kullum da kasko a hannu, ta tsinci taki a inda tattabaru suke kwana, ta ci abinci, sannan ta mayar da shi firji kafin in dawo. Na sauka a hankali, na je kantin da ke ƙasan gidanmu na yi ta duba gwangwanaye ina ajiyewa, har mai kantin ya fara kallona. Sai da lokacin dawowata ya yi na hau. Na same ta kwance ta fuskanci bango kamar kullum, kaskon kuma yana firji, da ɗuminsa.

Da safe na tambayi Baturiya, na ce in ana fito da shi yana shan rana kullum fa? Ta ce to da wuya ya yi fure, wataƙila ma ya ruɓe, wa yake fito da shi? Na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau, da na zo kan takin kuwa sai da ta dafa bango. Da ta nutsu ta ce, "Ki bar mata. Fure ai ana samun wani baɗi."

Na bar mata, amma kada wani ya ɗauka da sauƙi na bari. Wata biyu da 'yan kai na yi ina riƙe bakina, ni da ban iya riƙe shi na minti biyar ba. Na samo robobi masu murfi na rufe duk wani abin ci. Na kwashe madara na mayar can sama. Duk yamma in buɗe firji in ga an ƙara sabon taki, in ce "la haula" a zuci in rufe. Ran nan har na kai ƙofar ɗakinta da niyyar in ce ko takin ne a rage, maigidan ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ke da kika ce kin bar mata?" Na ce, "Na bar mata kaskon, ban bar mata firjin ba." Ya ce ai tare suke.

Shi ne ma ya yi dabarar da ta fi tawa. Tsakaninsa da Inna akwai kunyar surukuta, gaisuwa ce kawai daga bakin ƙofa yana durƙushe. Bai ce mata komai ba, sai ya kwaso bokitan fenti da suka ƙare daga wurin aikinsu, ya wanke, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa, ya jera a saman bene kamar wanda ya manta da su. Kwana biyu Inna ta ce min, tana kallon wani wuri, "Ke wannan, na ɗan hau sama shan rana saboda gwiwata, na ga wasu bokitai. Na masu gidan ne?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Inna."

"To kar a zubar."

Daga nan kicin ɗina ya shiga uku. Albasar da ta fara tsiro ta ɓace. Tumatir ɗin da ya yi laushi ta matse 'ya'yansa a kan takarda ta shanya. Ta zazzage ledar zoɓon da na zo da shi daga gida ta tsince 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a ciki. Tafarnuwata ma ba ta tsira ba. Ta fara cewa miyata ba gishiri, ta fara tambaya ko an kira gida. Ranar da ta ce tuwona ya yi ruwa kamar na mai jego, daɗi ya kama ni, na ce to gobe ita za ta tuƙa. Ta tuƙa kuwa. Amma kaskon Baturiya ba ta taɓa ambatonsa ba, ni ma ban taɓa ba. Farin yadin kuma yana nan ƙarƙashin matashi, duk ranar da na canja zanin gado sai na gan shi, sai murnata ta koma ciki.

Sanyin Riyad na watan Janairu ba wasa ba ne, yana shiga har ƙashi. A cikinsa ne wata uku suka cika, na fito da kaskon a gaban kowa na ajiye a tagar kicin inda rana ba ta bugu sosai. A cikin goma, huɗu ne suka tsiro, 'yan siraran ganye kamar lawashin da bai ƙoshi ba. Na tona gefe na ga sauran sun ruɓe. Inna ta leƙo ta ce, "Ai na faɗa miki. Sanyin akwatin nan ne ya kashe su." Na ciji leɓena har sai da na ji zafi.

Uku suka tsaya a ganye. Na huɗun ne ya fito da wani ɗan tsinke a tsakiya, kansa a ƙunshe. Muka yi kwanaki muna zagaya shi, kowa tana yi kamar ruwa ta zo sha. Wata Juma'a da hantsi ina wanke-wanke, na ɗaga kai na ga ya buɗe. Fari ne sol, bai kai girman farcen babban yatsana ba, da ɗan kore a cikinsa, kuma kansa a sunkuye yake yana kallon ƙasa. Na kira Inna.

Ta zo ta sunkuya ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Wannan ne duk abin da aka yi wa wahalar?"

"Shi ne."

"Ɗan mitsitsi da shi. Amma yana da kunya, ka ga ɗan mutunci." Ta sa yatsa ta ɗago kansa a hankali ta leƙa ciki, ta sake shi. "Ba don ranar da ya sha ba, da shi ma ya bi 'yan'uwansa."

Wata biyu ina riƙe da bakin nan, ranar ya ƙwace. Na ce, "Wace ranar, Inna? Ba a firji yake ba?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ke wannan, kina tsammanin ban gan ki ba ran nan a bayan ƙofa? Haki kike kamar wadda ta yi dakan gero. Na ce bari in ga ko barkonon Malam zai yi yaji, sai na ji kin sauka." Ta gyara hijabinta. "Ashe kin girma."

Na yi dariya ina kuka, kumfa a hannuna. Na ce sanyin firjina ne ya fito da shi, ta ce ranarta ce da takinta. Har yau ba mu raba wannan gardamar ba.

A satin aka yi ruwa, irin ruwan Riyad da yake zuwa sau ɗaya ya cika tituna. Bayan kamar sati biyu maigidan ya ce kwarin da ke bayan wurin aikinsu ya yi kore, mu je mu gani. Na ɗauka Inna za ta ce mu je mu dawo, sai na ga ta riga ni sa takalmi. Muka wuce Dir'iyya kaɗan muka ajiye mota. Wurin da na sani da duwatsu da yashi, ga shi ciyawa ta rufe shi, da ƙananan furanni farare masu rawaya a tsakiya, da wasu shuɗɗa masu ƙamshi da Larabawa suke ce wa huzama. Iyalai sun shimfiɗa darduma ko'ina suna shan gahawa. Inna ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ikon Allah. Ashe ƙasar nan ma tana da rai, ruwa take jira." Sai ta shiga ba da umarni. Ni in tsinko farare, masu dogon kara, kada in tumɓuke da saiwa. Surukinta kuwa, da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta ce, "A ce wa Injiniya ya riƙe min ledar nan," alhali yana tsaye a gabanta.

Matar da ta tambaye ni don me ake shuka abin da ba a ci, ita ce ta cika min gida da fure a ranar. Ba mu da kwalaben fure, sai ta kwaso kofunan shayi da gwangwanayen madara, har da kwalbar man zafinta da ta ƙare. Ta jera a kan taga, a kan talabijin, a bakin ƙofa, ta sa na ɗage labule duka. Furen robana ta miƙo min ta ce in kai shi inda ba za a gan shi ba. Na ce bari in tsinko na Baturiya in sa a kofi kamar yadda suke yi a garinsu, ta buge min hannu. Ta ɗauko kaskon da kanta ta ajiye a tsakiyar tebur, sauran suka kewaye shi. Da Baturiya ta zo gani, su biyu suka tsuguna a gabansa, wannan tana Turanci wannan tana Hausa, kowa tana gyaɗa kai. Inna ta ja ta har saman bene ta nuna mata lawashi da yakuwa da tumatir a bokitan fenti, sannan ta nuna mata inda tattabaru suke kwana.

Furen ya yi kwana goma sha wani abu ya bushe. Bizar Inna ma ta zo ƙarshe, an sabunta ta har iya inda ake sabuntawa. Tun da aka sa ranar tafiya tsorona ya dawo sabo. A nan tana da bokitai da matakala da ni da za ta yi wa faɗa. A can ɗakin Baba ne a rufe, da fadamar da ta ce a bar ta ta huta.

Ranar haɗa kaya jakar da ta zo rabinta iska ta ƙi rufuwa. Dabino, atamfofin da na saya mata kuma ta karɓa ba musu, tsarabar jikoki, ƙullin iri kala-kala a ƙyallaye. Ga kuma wata butar ban-ruwa mai feshi, koriya, da maigidan ya sayo mata, ta ce ko za a bar komai ba za a bar ta ba. Na hau kan jakar na zauna, zif ya ƙi tafiya. Na ce, "Inna, sai an rage wani abu."

Ta ce in tashi. Ta buɗe, ta yi ta ɗaga kaya tana mayarwa, har hannunta ya kai can ƙasa. Ta jawo farin yadin nan a ninkensa, ta riƙe shi jim kaɗan, ta miƙo min.

"Ajiye min wannan. Ba ruɓewa yake ba."

Na karɓa. Na ce, "Inna, ba za ki tafi da shi ba?"

"Ina wurin yake? In lokacinsa ya yi ai ba za a rasa yadi a gari ba." Ta cusa butar a gurbinsa, ta danna, zif ya rufe. "Ki kira ƙaninki ki ce a nemo mai gyara rijiyar fadama kafin in iso, an bar wuri kamar ba shi da masu shi. Waɗannan huɗun na Baturiya kuma ki tone su ki adana a inuwa. Kada ki kuskura ki sa su a akwatin nan sai na zo."

Na ce to. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka ba ni umarni uku a jere ban yi gardama ko ɗaya ba.

Yadin yana nan a saman durowata, cikin ledar da na sa shi a ranar, na sauya gida sau biyu yana biye da ni. Shekaranjiya Inna ta sa aka kira ni daga fadama, ana iska ina jin ta da ƙyar, wai in tura wa Baturiya hoton albasar bana ta ga yadda ake shuka.